Ramin Allura

Akori-kurata ba ta mutuwa a gaban makanike.
A gareji, ƙarƙashin gadar Ojota,
gurnani take yi lafiya lau,
kamar yaron da zazzaɓinsa ya gudu
da jin warin asibiti.

Sai na loda kwando goma sha biyu na tumatir a Mile 12,
na hau kwalta, na ci minti ashirin,
ta yi tari sau biyu,
ta yi shiru.
Ba hayaƙi, ba ƙauri, ba sallama.

Rasaki ya ce fulogi ne. Na sayi huɗu.
Ya ce kafireta. Ya baje ta a kan buhu,
ya wanke da fetur, ya hura da bakinsa.
Ta kai ni Maryland ta sake durƙushewa.
Wani a Ladipo ya rantse da ran uwarsa kwayil ce,
ya ba ni 'yar Beljiyam, ya karɓe cinikin sati.
Famfon mai, matata, kan batir,
har wayar da ba ta tsare wa kowa komai ba
sai da aka feɗe ta aka naɗe da salatif.

Abin da ya fi ci mini rai,
in na bar ta rabin awa a bakin titi,
murɗa makulli ɗaya, ta tashi
kamar ba ita ba.
Kafin nan tumatir ya fara hawaye ta gindin kwando,
Iya Mulika ta Obalende ta gaji da jira,
ta sayi na wani.

Ranar Laraba aka haɗa ni da Baba Nomau na Agege,
wanda tankokin Apapa suka cinye wa ƙuruciya
da yatsa ɗaya.
Ko bonet bai ɗaga ba.
Ya ce, "Sallau, ba a neman ɓarawo a gidan alƙali.
Kai ni inda take faɗuwa."

Ya zauna gefena, ya rufe ido,
ya ɗora tafinsa a kan ƙofa
kamar mai sauraron cikin wata bakwai.

A tsakiyar doguwar gada, saman Makoko,
inda hayaƙin masu gasa kifi ke kwanciya a kan ruwa,
ta yi tarinta.
Ta mutu.
Kwandastan danfo ya zage ni da yare uku.

Na ruga gaba da sifana.
Shi kuwa baya ya nufa, yana jan ƙafa,
ya murɗe murfin tanki.

Fuuuuu.

Dogon numfashi,
irin na wanda aka danne a ruwa
aka sake shi.

Ya ɗaga murfin saitin rana.
"Ka ga ramin nan? Bai kai kan allura ba.
Lakar ambaliyar Ketu ta toshe shi.
Mai yana fita, iska ba ta shiga,
tanki ya yi ta bayarwa har cikinsa ya shaƙe,
sai ya riƙe sauran.
Ba rowa ba ce. Numfashi ya rasa."

Ya zaro tsinken sakace daga bayan kunne,
ya soka, ya hura, ya mayar.
Kuɗin aiki: tumatir uku, shi ya zaɓa da kansa,
ya ce in rage gudu, yana son kallon kwale-kwale.

Ba ta sake mutuwa ba.

Da dare na dawo ɗaki,
na ƙirga abin da zan tura gida Gummi,
na ƙirga shekarun da ban je ba: shida.
Tagar da na liƙe da kwali saboda janaretan maƙwabci
na tsaya ina kallo.
Na sa farce na ɓanɓare kusurwa ɗaya.

Sauro ya shigo.
Iska ma ta shigo.