Buhu Sittin

Yammar Alhamis, a siton taki na Wurno,
fanka ta mutu tun azahar,
ni kaɗai da rajista da biro mai yoyo.

Sai ga Barnaba, abokin bencina na ran Lahadi,
ya ajiye ambulan a kan tebur
a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.
Ya ce, "Iliya, buhu sittin ne kacal.
Rubuta cewa ruwa ya ci su.
Damina ba ta zuwa kotu ba da shaida."

Na dubi ambulan, ita ma ta dube ni.
Ba ta da baki, amma ta san sunan ɗiyata,
Tabita, shekarar ƙarshe a makarantar jinya,
an ce ran Litinin ko kuɗi ko ƙofa.
Ta san bashin mai shago a Mabera,
ta san rufin ɗakinmu da ke ɗiga a kan gado.

Ashe Shaiɗan ba da ƙaho yake zuwa ba.
Da lissafi yake zuwa,
kuma ko kwabo bai kuskure ba.

Na ɗauki biro. Ba zan ɓoye ba, na ɗauka.
Har na cire marfinsa.

A nan muryar uwata ta taso,
ita da ke bin layi da yatsa a gaban aci-balbal,
tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya har ya zama aya.
Ta tuna mini Gehazi,
da ya bi keken Na'aman a guje
ya dawo da azurfa jaka biyu
da kuturtar da ba ta cikin ciniki.
Ta tuna mini Ubangijina a jeji,
kwana arba'in ciki na kuka,
duwatsu a gabansa kamar gurasa,
bai taɓa ko ɗaya ba.
Ni kuwa na ci tuwo da safe.

Sai kuma fuskar Nomau na Achida,
tsohon da ya tako keke sau uku zuwa ƙofar nan
yana cewa, "Malam, albasa ba ta jiran gobe."
Buhu biyu nasa suna cikin sittin ɗin.
Ruwan da zan rubuta, shi zai cinye.

An alkawarta mana, jaraba ba ta fin ƙarfin mai ɗaukarta,
kuma tare da ita ake buɗe mafita.
Na daɗe ina zaton mafitar wata mu'ujiza ce.
Ashe ƙofar sito ce, ta langa-langa,
a buɗe take tun safe.

Na mayar da marfin biro.
Na tura ambulan da gefen rajista,
don ban amince da yatsuna ba.
Yusufu ya bar rigarsa ya gudu,
ni hulata na manta a kan kujera.

Barnaba ya biyo ni da dariya,
"Gaskiya za ta biya kuɗin makaranta?"
Ban amsa ba. Ba ni da amsa.

Ran Asabar na sayar da babur.
Dillali ya taya kamar mai zagi, na sallama.
Kuɗin ya kai, da ragowar na gishiri.

Ran Lahadi, benci ɗaya, ni da shi,
kafaɗa na gogar kafaɗa.
Da muka zo wurin roƙon kada a kai mu cikin jaraba
na ji muryarsa ta sarƙe.
Ban waiwaya ba. Tawa ma rawa take.

Yanzu a bayan a-kori-kura nake zuwa aiki,
tsakanin buhunan albasa da kajin wani.
Rajista na nan, sittin na nan, a rubuce, a ƙirge.
Rufin ɗaki bai daina ɗiga ba.
Na san ambulan za ta dawo da wata fuska,
shi ya sa kullum kafin in buɗe sito
nakan ce, Ya Yesu, riƙe mini hannun dama,
shi ne mai sa hannu.