Amsa ga Sallau, da Ya Aiko Mini Littafi

Sallau, saƙonka ya iso ranar Laraba,
direban Daura ya miƙo ta taga, bai ko tsaya ba.
Ɗan littafi ne, kaurinsa bai kai yatsa ba,
na ƙauyen Jamus inda kake tatsar shanun wani,
mai sunan da harshena ya yi tuntuɓe sau uku bai faɗa ba.

Na sa tabarau na bi hotunan da yatsa.
Ka rubuta a gefe: mutum ɗari huɗu ne kacal,
amma ƙoramarsu na da suna, gadarta na da shekara,
sun san ranar da aka rataya ƙararrawa,
sun san wanda ya dasa itacen bakin hanya.
Sai ka ce, "Baba, namu fa, ina aka rubuta?"

Ba a rubuta ba. Kawo kunne.

Gangaren Aduwa na arewa da Daura,
tafiyar jaki daga asuba zuwa hantsi, in bai yi gardama ba.
Gabas jigawa ce, gero na sonta, dawa ba ta so.
Yamma fadama, laka mai riƙe ƙafar saniya.
Kudu ƙorama, wata uku take da ruwa,
sauran taran yara ke ƙwallo a cikinta.
Ba mu raɗa mata suna ba, ita kaɗai gare mu, wa zai ruɗe?
Arewa kuwa iyaka ce, wadda ido bai taɓa gani ba,
sai dai kawunka Dikko na noman ƙasa biyu da garma ɗaya.

Jatau ne ya fara sauka, mahaƙin rijiya.
Ba yaƙi ya koro shi ba, bashi ne, kada a yi maka ƙarya.
Ya ɗaure akuya a gindin aduwa,
ya ga tururuwa na fito da ɗanyar ƙasa,
ya haƙa gaba goma sha biyu, ruwa ya amsa.
Wace shekara? Kakata Tabawa ta ce
tun ana sayen gishiri da wuri.

Mu da suna muke ƙirga shekaru.
Akwai ta fara, da aka ci tafasa har tafasa ta ƙare.
Akwai ta gobarar rumbuna bakwai.
Akwai wadda Bature ya zo da igiyar awo,
ya tambayi Barau kurma sunan gari,
Barau ya zaci hanya yake nema, ya ce, "Gangara!"
Shi ya sa a taswirar gwamnati Gangara muke,
aduwar ta faɗi a takarda tun ba ta faɗi a ƙasa ba.

Ta faɗi bara waccan, da ruwan fari.
Turmin Lantana daga jikinta ne,
ni ma na sa an sassaƙa allo biyu,
ɗaya na ɗanka, in ka tuna hanyar gida.
Rijiyar Jatau an rufe bakinta da siminti
tun da aka kafa famfon tuƙa-tuƙa.
Karofin marina ya zama juji,
amma in ka tona da sanda, ƙasar shuɗiya ce har yau.

Waɗanda suka san wannan, mu uku muka rage,
Dikko kuma ya fara kiran jikokinsa da sunan matattu.
Jiya na sayo littafin rubutu mai shafi arba'in,
Hajo na rubutawa bayan isha'i, ina faɗa,
tana gyara mini, wai ba haka na ce shekaranjiya ba.

In ka ga dattijon da ya haɗa nasu littafin,
ka gaishe shi, ka tambayar mini abu ɗaya:
mai bashin da ya kafa garinsu,
a wane shafi suka ɓoye shi?