Littafin Bashin Inna

A Aboabo, bayan shagon ɗinkin Labaran,
ƙanwata Asibi tana ƙera harshe
a littafin bashin Inna.
Inna daga gaba take rubutu,
ita daga baya, da jan biro.

Mutanen labarinta ƙarƙashin tafkin Bosomtwe suke.
Ba su san gobe ba.
Ruwa kaɗai sunansa tara a wurinsu:
wanda ya ɗauke ka, wanda ya maido ka,
wanda ka haɗiye don kada a ga kana kuka.
Wannan shi ne zulmai.

Inna ta ce,
"Hausar ba ta ishe ki ba?
Ga Tonancin Kejetia, ga Turancin makaranta,
ga Larabcin da Malam ke fama da ke a kai.
Baki ɗaya, harshe biyar?"
Asibi ta lashi yatsa, ta juya shafi.

Na tambaye ta yadda suke cewa bashi.
Ta daɗe tana kallon kwanon rufi.
Ta ce ba su da shi,
abin da ka ba wani, ruwa ya riga ya tafi da shi.

Daren Laraba shafuffukan suka haɗu a tsakiya:
sidi arba'in na mai gawayi,
wanda aka binne tun kafin azumi,
ƙarƙashinsa jan rubutu.

Inna ta gyara fitila, ta soke sunan.
Ta haɗiyi wani abu.
Ba ta dube mu ba ta ce,
"Ke, yaya ma kika kira ruwan nan?"