Alwala a Shingen Dadin Kowa

A shingen Dadin Kowa, da hantsi,
buhunan yashi sun ɗau zafi kamar tanda,
wata tsohuwar mota ta tsaya, maƙil da tumatir.
Direban bai ce uffan ba,
ya miƙo hannu a dunƙule
kamar mai jinjina wa babba.

Na karɓa. Ɗari biyu ce, ta sha naɗi,
tana warin gumi da fetur.
Na cusa ta a safa, na ɗage masa sanda.

Da rana ta goce
na jingine bindiga, na ɗau buta.
Saje Yila, mutumin Kaltungo,
ya rufe Zaburarsa a gindin darbejiya,
ya zo ya tsaya a gurbina, kamar kullum.

Hannu sau uku, baki, hanci, fuska,
da na iso ƙafa na zare safa,
takardar ta faɗo cikin taɓo.

Saje ya dube ta, ya mai da ido kan titi.
"Kofur Manu, ni ban san fiƙihunku ba,
amma butar nan ta yi kaɗan.
Ko madatsar can ba ta wanke wannan."

Na kabbarta.
Fatiha ta yi min nauyi fiye da kwalkwali.

Ran kasuwa motar ta dawo.
Na tsai da shi, ya hau laluben aljihu.
Na ce, "A'a, baba, ga ajiyarka."
Ya daɗe yana kallon kakina,
na baya suna ta danna oda.