Idon Lung

Kakana Kuang Derong ba ya zana ido.
Shekara hamsin da ɗoriya yana lanƙwasa gora
a bakin kogin Gan, bayan rumbun shinkafa,
yana ɗaure haƙarƙari da zaren rama,
yana lulluɓe su da jan alharini,
har Lung ya miƙe, gaɓa tara, daga ƙofa zuwa rijiya.
Amma gurbin ido fari fat, kamar ƙwan agwagwa.

Na tambaye shi ina 'yar shekara bakwai.
Ya ce, "Shufen, wanda aka ba ido an ba shi hanya.
In na ɗiga masa baƙi yau,
da wa zan yi hira gobe?"

Lung ba dodon tsorata yara ba ne.
Jikinsa kaf aro ne:
ƙahon barewa, kan raƙumi,
kunnen sa, farcen gaggafa, tafin damisa,
ɓawon kifi daga wuya har wutsiya.
Shi ya sa, in ji Kaka, ba mai cewa nasa ne shi kaɗai.
Lu'ulu'u na ƙarƙashin haɓarsa,
a maƙogwaro kuma akwai ɓawo guda
da ya tsiro a juye.
Nan ne ba a taɓawa.
"Kowa da nasa," ya ce,
ya dubi hoton kakata a bango,
ya ci gaba da fiƙe gora.

Shekarar fari muka fito da shi rana tsaka,
muka shanya shi a fako
ya ɗanɗani abin da shuka ke sha.
Kwana uku. Alharini ya koɗe.
Ran na huɗu gabas ta haɗe rai,
tsawa ta yi gyaran murya,
ruwa ya kece har kwaɗi suka rasa bakin godiya.
Malam Tao na makaranta ya ce iska ce daga teku.
Kaka ya ce, "Madalla. To, a ina Lung yake kwana?"

Bara na zauna babbar jarrabawa.
Sunana bai fito ba.
Na kwana biyu ban taɓa sandunan cin abinci ba.
Ya zo ya zauna bakin gado, yana warin manne,
ya ba ni labarin kifayen Rawayen Kogi
masu haurawa ruwa a bazara
zuwa wata ƙofa tsakanin duwatsu biyu.
Wanda ya tsallake, wuta ta lashe jelarsa, ya zama Lung.
Na ce na sani, kowa ya sani.
Ya ce, "Saura fa?
Saura su faɗo, goshi ya bugi dutse,
tabo ya zauna.
Su koma ƙasa su yi ƙiba, su sake zuwa baɗi."
Ya kama yatsana ya ɗora a goshinsa.
Akwai ɗan kurmi a wurin. Ban taɓa lura ba.

Bana yana ta rufe idanunsa biyu.
Da lalube ya gama kan.
Daren fitilu, sha biyar ga watan farko,
ya miƙo mini alkalamin gashi, jiƙe da tawada.
Hannuna na rawa.
Ɗigo ɗaya. Ɗigo biyu.
Na dama ya fi na hagu girma.

Ganga ta ɗauka, samari tara suka ɗaga sanduna,
Lung ya bi lu'ulu'unsa lungu-lungu,
yana murɗewa, yana shaƙar hayaƙin albarushi,
yana leƙa kowane gida da karkataccen idona.
Da tsakar dare muka kai shi gaɓar kogi
muka cinna masa wuta, yadda aka saba.
Gora ta yi ta fashewa, tas, tas.

Kaka ya riƙe hannun rigata.
"Ya tashi?"
Na duba. Hayaƙi ne, dogo, mai lanƙwasa,
ya nufi inda ruwa ke fitowa.
Na ce, "Ya tashi."
Ya ce, "To, je ki ɗauko littattafanki.
Ni zan share tokar."