Baki Ba Ya Sa Hannu

A bakin fili na ce to,
ƙwallo a hammata, gumi na shiga ido,
salular Baba manne da kunnena,
muryar Koci Habsu daga Yamai tana yankewa:
"Tsahara, ke nake so. Lamba bakwai taki ce."
Shekarata sha bakwai. Me zan ce?
Kafin magariba duk Bilbis ta ji.
Inna ta soya wainar da ba ta sayarwa ba,
ƙanena ya zana bakwai da gawayi a bangon zaure.

Wata biyar ina rainon kalmar nan
kamar ɗan akuyar da uwarsa ta ƙi.
Da asuba ina jifan ƙarfen da babu raga,
wanda Illa mai walda ya lanƙwasa mana kyauta,
jifa ɗari biyu kafin ƙararrawar makaranta.

Sai labari ya soma zuwa gutsi-gutsi.
Ba ita ta kira ba,
wata 'yar ƙungiyar ce ta rubuto:
Koci ta ɗaure kaya, ta sami aiki a Kwatano.
Wanda ya gaje ta bai taɓa ganin hagun hannuna ba.
Na kira sau uku. A na huɗu ya ɗauka:
"Wace Tsahara? Ta Doso ko ta ina?"

Gani ya kori ji. Na hau mota,
na kwana a zaune, na tsallaka gada,
na tsaya bayan shingen waya a Harobanda.
Bakwai ɗina na bayan wata doguwa
mai shafa ƙarfe ba ta yi tsalle ba.
Ɗakin kwana? "Sai mun gani."
Kuɗin karatu? "Rabi, in kasafi ya fito."
A ƙarshen benci ga Rakiya,
wadda aka yi wa irin kirana bara,
gwiwa a ɗaure, ba mai miƙa mata ruwa.
Ta ce, "An rubuta miki?"
Na ce, "An faɗa mini."
Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba.

A Tawa, Baba bai ci tuwo ba.
"Alkawari kaya ne," ya ce.
"Buhu ɗari na albasa na sayar da baki kawai,
ba takarda, ba shaida, ban taɓa tashi ba."
Na ce, "Baba, in mai sayen ya bar kasuwa,
wa za ka kai wa buhunan?"
Ya daɗe yana kallon tabarma.

Kada in wanke kaina tas.
Da na ce to, daɗin kiran ne ya kwashe ni,
ban tambayi komai ba.
Kuma a bayan shingen nan na ji tsoro,
tsoron shekara huɗu ina tafa wa wasu.

Daga Maraɗi wata takarda ta zo,
ƙaramar ƙungiya, filinsu duk tsaga,
amma ga hatimi, ga sunana ba kuskure,
ga abin da za su yi in gwiwata ta ƙi.
Baba ya sa na karanta masa sau biyu.

Na rubuta wa Yamai layi uku.
Na goge "ku yafe mini", na sake mayarwa.
Har yau ba amsa.

A Kurfayawa ana cewa na lashe yawuna.
Wata rana nakan ji haka ni ma.
Bakwai ɗin zaure kuwa, damina ta ci rabinta,
ƙanena na tsaye da gawayi a hannu,
yana jiran in faɗa masa lamba.
Na ce ya bari sai na sa rigar.