Lamba Ɗaya, Dare Ɗaya

Kwance na saye ta, ta hanyar Ɗan Isa ta shigo,
baƙin akwati mai ƙafa uku,
ta huɗun na cike da marfin kwalba.
A shagona na Mokoyo nake haɗa bidiyon suna,
ita kuwa tana jan jiki
kamar wanda aka aika gidan da ake bin sa bashi.

Na kai ƙara wurin Nomau, mai gyara a bayan tasha.
Bai ko dube ta ba. Ya ɗaga buta, ya zubo shayi daga sama.
Ya ce: Tsahiru, ƙwaƙwalwarta mai ladabi ce.
In an yi mata sallama, ƙirga take kafin ta amsa.
Lambobin nan huɗu da ke cikin biyos, ƙirgar ke nan.
Ana rage su. Sai dai mai amsa sallama da gaggawa
yakan fito da taguwa a baibai.

Rabin zancen na ji, rabin na bari a kofi.

Daren nan na zabge su duka huɗun,
sha takwas ta koma sha huɗu.
Na danna.
Fanka na juyi. Allo baƙi ƙirin.
Na sake dannawa. Baƙi.
A cikinta akwai sunan jikan Hajiya Barira,
rago biyu, 'yan uwa tun daga Tibiri,
kuma ran Alhamis na yi alkawari.

Ƙarfe sha ɗaya na kira Nomau, murya na rawa.
Ya ce: Zare waya daga bango.
Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki.
Ka ga wani batir, fari, kamar dala goma?
Cire shi. Je ka sha ruwa. Ka mayar.

Ta farka. Ta manta duk abin da na yi mata,
yafiyar da ban taɓa samu wurin ɗan Adam ba.

Da safe na kwashe aikin mutane a kile biyu.
Na samo tsohon kayen ƙanwata,
bayan darasin lissafi na rubuta lambobin asali,
don mai shiga dawa ya san inda ya bar hanya.
Sannan na taɓa guda.
Guda tak. Sha takwas zuwa sha bakwai.
Na sa mata gwaji, na bar ta tana bitar kanta har asuba.

Wuta kuwa, ya ce, kanwa ce a miya.
Duba takardar da ke manne a jikin sandar:
ɗaya, ɗigo, talatin da biyar.
Nan ka tsaya.
Masu ƙarawa sun san abin da suke ƙonawa,
kai ko ba ka da ta biyu,
ga bazarar Maraɗi ta riga ka hura mata.

Dare na uku kuran ya ɗauke ana tsakar gwaji.
Ban ƙirga shi ba. Na sake daga fari.

Sha shida ta wuce lafiya lau.
A sha biyar, wajen kiran assalatu,
jan layi ɗaya ya fito a ƙasan allo.
Ɗaya ne, siriri.
Zuciya ta ce: Ɗaya ai ba komai.
Na tuna tulun da ke yoyo ta ƙasa,
ba ya fashewa, wayewar gari dai babu ruwa.
Na koma sha shida, na ja layi a kaye.

Yanzu aikin minti arba'in
yana ƙarewa a talatin da bakwai.
Na kai wa Nomau labari ina jin kunyar ƙanƙantarsa.
Ya ce: Minti uku?
Ya tura mini kujera da ƙafa.
Zauna, sun isa kofi na biyu.